Inna Barira, Mai Zama da Masu Tafiya

Da an sallame asuba, Inna Barira ta Kutama za ta ɗauki 'yar ƙwaryarta da ƙullin auduga, ta bi gidajen da ake jinya. Waɗanda malamin asibitin En'e na Gwarzo ya ce a mayar gida, su ne nata. Ta juya wannan kada bayansa ya yi gyambo, ta goge wa waccan jiki, ta ɗiga wa wani ruwa a leɓe. Shekara talatin ke nan, har gwiwa ta ce ta gaji.

Ni shaida ne. Shekarar sanƙarau, mahaifiyata Uwaliya tana gargara da la'asar, ni kuwa malamin makarantar elemantare mai ji da ilimi, na duƙa a kanta ina ɗaga murya: "Inna, ki ce la'ilaha illallahu!" Cikin azabar ciwo ta ce, "Ka ƙyale ni!" Ashe da wannan kalma uwata za ta cika, kuma ni ne sanadi?

Inna Barira ta janye ni. "Malam, ba 'yar ajinka ba ce. Ba a ce wa mai tafiya 'ki ce'. Matsa can."

Ta jiƙa mata leɓe, ta zauna kusa da kunnenta tana kalmar shahada a hankali, kamar da kanta take. Can sai leɓen mahaifiyata ya bi. Nan take Inna Barira ta ɗaga hannu, kowa ya yi shiru, kada a sake jawo ta da wata magana. Da kalmar shahada mahaifiyata ta cika.

Muna kuka, Inna Barira ta shafe mata ido, ta ɗaure haɓa, ta sa a dafa ruwa da ganyen magarya, ta aika a yanko likkafani a kuma sanar da masu haƙa kabari. Abin da ta gani wurin wanka kuwa, ba mai jinsa a bakinta.

Inna, ke ce kika tsare wa uwata kalmarta ta ƙarshe. Allah Ya saka miki da Aljanna.

Matan Kutama, Kara da Lakwaya, ku je ku koya tun tana iya nuna muku. Da na tambaye ta me za mu yi mata, dariya ta yi.

"A samo mini mai hannu mai laushi ranar tawa. Kai kuma, Malam, ka tsaya a zaure."