Ƙurar Motocin Mai Aski

Tun yana saurayi mai aski yake tara ƙananan motocin ƙarfe marasa rufi a kabad ɗin gilashin shagonsa. Bai taɓa goge su ba. Ƙurar kujerunsu ce mai gadinsa, duk yatsan da ya taɓa sai ya bar shaida.

Wata safiya ya tarar da kujerar jar motar fes. Ya wuni yana aski yana leƙen yatsun mutane, har ƙanin matarsa ya sha harara. Da matar ta kawo abinci, sai ta hango 'yar tsaka kwance a kujerar.

"Maigida, ga ɓarawonka."

Ya daɗe yana kallon tsakar, sannan ya dubi matar.

"To, wa ya buɗe mata kabad?"