Kwanon Malam Uba

Shekara ashirin da shida Winifred ta yi tana dafa shinkafa da wake a unguwar PZ, bayan layin masu faci, ba ta taɓa jin tsoron azumi ba. In Musulmi suka kama nasu, Kiristoci masu shagunan kayan mota su cika mata benci. In Kiristoci suka shiga na kwana arba'in, direbobi da 'yan dako su riƙe ta.

To, baki shi ke yanka wuya. 'Yarta Lovelyn, da ke aure a Samaru, ta daɗe tana roƙon ta ta bar hayaƙi ta dawo wurinta, don idanun uwar sun fara gazawa. Winifred kuwa ta tsani zaman a-ba-ka-ka-ci. Da naci ya ishe ta, sai ta ɗora hannu a kan Littafi Mai Tsarki ta ce, "Ranar da na wuni ba wanda ya ci abincina, zo ki ɗauke ni." Tana dariya ta faɗa.

Sai ga shekarar da azumin biyu suka faɗo rana ɗaya. Ta dawo daga coci da tokar fara azumi a goshi, ta tarar Musulmi ma sun tashi da nasu. Masu ƙosan buɗa-baki suka yi wa wake rubdugu a kasuwar Sabon Gari, ya yi tsadar da sai an rufe ido ake saya. Daga mudu goma ta koma biyu, daga biyu ta koma rabi. Marasa azumin ma kunya ta hana su zama a benci.

Mutum ɗaya ya rage mata, Malam Uba mai faci, wanda likita ya hana azumi saboda gyambon ciki. Kullum da azahar yakan zagayo ta bayan zana, ya ci abincin, kansa a ƙasa kamar ɓarawo. Da yamma Lovelyn ta bugo waya, "Mama, an ci?" Ita kuma ta amsa da ƙarfi, "An ci!"

Ran goma sha ɗaya ga azumi ya zo ta gaba, fuskarsa fal murna.

"Maman Lovelyn, taya ni godiya! Cikin ya lafa, yau na ɗauki azumi."

Kwanonsa na hannunta, ta riga ta zuba masa mai da yaji. Ta ce, "Madalla, Malam. Allah ya ƙara sauƙi." Har zuci ta faɗa, sannan ta rufe kwanon ta ajiye a gefe.

Ta jira har la'asar sakaliya, ba wanda ya leƙo. Ta yi tunanin ta ci loma ɗaya da kanta don ta iya cewa an ci, amma ita ma da azumi a bakinta, balle ta yi ƙarya.

Waya ta yi ƙara.

"Mama, an ci?"

Ta dubi murhun da ya fara hucewa. Ta ce, "Ki taho da mai Keke Napep. Tukunyar da nauyi."