Ganye a Goshin Mota

Mahaifina direban gingimari ne, yana kwaso masara da dawa daga ƙauyukan Kuyello ya kai Kaduna. Sai mu yi kwana huɗu ko biyar ba mu sa shi a ido ba. A zamanin ba mu da waya, sai odar mota. Da ya fito daga daji ya hango Birnin Gwari, sai ya danna ta sau uku, ya ja ta ƙarshen. Ko daka Inna take yi sai ta ajiye taɓarya ta ɗora ruwan wanka, tana wani shan ƙamshi wai ita ba jiransa take ba.

Ni kam jiransa nake, kuma ban iya ɓoyewa ba. Abin da na fi tsoro a duniya shi ne ɗanyen ganye. Al'adar direbobi ce, in mota ta ɗauko gawa sai a soka ganye a goshinta, ta shigo gari a hankali ba oda. In direba ne ya rasu, abokan aikinsa ke kawo shi gida.

Maƙwabcinmu ma direba ne, 'yarsa kuma ƙawata ce. Tare muke zaman jira a bakin titi, muna musun motar uban wa ta fi ƙara.

Wata damina, ina 'yar shekara tara, Baba ya kwana bakwai bai dawo ba. Aka ce ruwa ya cinye hanya, aka ce wata mota ta kife a gada, amma ba wanda ya san ta wa. Inna ta daina cin abinci. Ran na takwas da la'asar, muna zaune ni da ƙawata, sai ga motarmu koriya ta fito daga daji tana jan jiki. Na kasa kunne, shiru. Sai na hango ganyen.

Ƙawata ta riƙe hannuna tana cewa, "Yi haƙuri, yi haƙuri." Inna ta fito titi ko mayafi babu, tana salati. Na kasa duban wajen direba, don na san baƙuwar fuska zan gani.

Da motar ta iso na ɗaga kai dole. Baba ne a kan sitiyari, duk taɓo a rigarsa. Na daka tsalle ina ihu, "Baba ne! Alhamdu lillahi, ba shi ba ne!" Har da dariya na yi, wadda har yau nake jin kunyarta.

Baba bai ko dube ni ba. Ya wuce ƙofar gidanmu, ya tsaya a ƙofar su ƙawata, ya kashe mota. Har lokacin hannuna yana cikin nata.