Fitilar da Na Ci a Tseren Faskari

Har yau in na ji an busa usur, ko da ɗan sandan kan hanya ne, sai in ji tafin ƙafata ya motsa. Usur ɗin malaminmu na wasanni nake tunawa, na ƙarfe, a ɗaure da jan zare a wuyansa.

Ƙauyenmu yana kusa da Yankara. A shekarun da arzikin mai ya fara isowa karkara aka gina mana makaranta mai rufin kwano, aka kawo littattafai da ƙwallo a bayan mota, aka kuma turo mana wannan malami daga Kankara. Siriri ne, bai daɗe da gama makarantar horon malamai ba. Shi ne ya sa mu muka sare sabarar da ke bayan azuzuwa, muka tsince ƙaya da hannu, ya zana layukan tsere da toka. Ba ya duka. In ka yi laifi sai ya dube ka kawai, ka gwammace bulala.

Ni gudu ne nawa. Korar awaki daga gona ta koya mini, malam kuma ya koya mini yadda ake ajiye numfashi don ƙarshen hanya. Da aka shirya gasar makarantu a Faskari, wajen ƙarshen damina, ni ya zaɓa a tseren dogon zango. Babana, wanda da farko yake cewa gudu ba tare da wani abu ya biyo ka ba wauta ce, ya sa babbar rigarsa ya hau keke ya zo kallo.

Hanyar tseren ta fita bayan gari, ta kewaye wata babbar gonar dawa, sannan ta dawo filin. Tun daga farko wani dogon yaro ɗan Ruwan Godiya ya shige gabana. Na yi iya yina, tazarar sai ƙaruwa take. Da muka kai kwanar gonar na waiga, ba kowa. Dawa ta fi tsayin mutum. Sai na kutsa cikinta, ganye yana yankar fuskata, na ɓullo ta ɗaya gefen a gabansa. Ni na fara taɓa zare.

Aka ba ni fitilar ƙwai sabuwa fil. Babana ya rataya ta a ƙahon keke, duk wanda muka gamu da shi a hanya sai ya tsaya ya ba shi labari. Innata ta yi guɗa. Ni kuwa tuwo ya ƙi wucewa.

Washegari da aka tashi daga makaranta, malam ya ce in tsaya. Ya ce, “Jiya da ka iso, kanka cike yake da bununin dawa. Hanyar tsere kuwa ba dawa a kanta.” Na sunkuyar da kai. Ya ce bai faɗa wa kowa ba, kuma ba zai faɗa ba. “Ni na koya maka gudu. Abin da ya rage, kai za ka san mi za ka yi da shi.”

Kwana uku ina fama da kaina. Ba bulalar babana nake tsoro ba, fuskarsa nake tsoro, bayan duk yabon da ya yi a gaban mutane. Ran na huɗu na same shi yana gyaran lauje a zaure, na faɗa masa komai. Ya ajiye laujen. Sannan ya tambaye ni ko malam ne ya tilasta ni. Na ce a'a. Ya ce, “To, ranar kasuwa za mu tahi tare.”

A kasuwar Yankara muka yi ta tambaya har aka nuna mana uban yaron, wani dattijo mai sayar da tumaki, ɗansa na tsaye a gefensa. Babana bai yi magana a madadina ba. Ya tura ni gaba, ni na buɗe baki a gaban 'yan kasuwa na ce na ratsa gona, fitilar nan ta ɗansa ce. Yaron ya karɓa yana dariya, ya ce ai ya ga dawa tana motsi, ya zaci akuya ce. Dattijon ya kama hannun babana ya daɗe bai saki ba.

Shekarar da ta biyo mun sake karawa. Na zo na uku, ƙirjina kamar zai tsage, kuma malam ya rungume ni a gaban kowa, abin da bai yi ba ranar da na zo na ɗaya.

Na girma na yi aikin duba gine-gine har Sabuwa da kewaye. Sau da yawa an nuna mini gajeriyar hanya, a rage siminti nan, a rufe ido can, ba mai gani. Ban ce ni waliyyi ba ne, amma na riga na san yadda abinci yake tsayawa a maƙogwaro.

Na ziyarci malam a Kankara kafin ya rasu, idanunsa sun yi rauni. Na ba shi labarin, ya ce shi bai ma tuna ba, yara nawa suka bi ta hannunsa. Ni abin da ya gyara mini rayuwa, shi a wurinsa aikin yini ɗaya ne. Allah ya jiƙansa.

Yanzu makarantar jikokina ba ta da fili, an yanka shi an yi shaguna. Suna dawowa gida da sakamako mai kyau, ina kuma sa musu albarka. Sai dai ban san a ina za su gamu da wanda ya fi su gudu, a wurin da ba mai kallo ba.