Papa Bayiha, Mai Sauraron Katako

Ƙarfe shida saura kwata na safe, kafin a kaɗa ƙararrawar addu'a, Papa Simon Bayiha yakan jingine kekensa a jikin mangwaron da ke ƙofar gidan tsofaffi na coci, a bakin kogin Sanaga a Edea. Ya tuɓe takalmi, ya ɗauko guduma mai doguwar ƙota a bayan ƙofar kicin, ya hau barandar katako. Tsawonta taku arba'in ne. Rabinta na kan tudu, rabin kuma na tsaye kan ƙafafu, a saman gangaren da ya sauka zuwa ruwa. Katako ɗari da goma sha biyu ne a shimfiɗe. Kowanne yakan sha duka biyu, Papa Bayiha ya karkata kai ya saurara, sannan ya matsa gaba. Shekara ashirin da huɗu ke nan yana haka. Ranar Asabar mai zuwa zai ajiye gudumar, yana da shekara saba'in da tara.

A layin dogo ya koyi wannan sauraro. Shekara talatin ya yi yana bin layi da ƙafa tsakanin Edea da Eseka, yana dukan manyan katakan da ake shimfiɗa ƙarfen jirgi a kansu. Ya ce mai lafiya yakan amsa da murya garau, wanda ya ruɓe ta ciki kuwa sai ya amsa kamar mai mura. Da ya yi ritaya ya zo gidan tsofaffi neman aikin gadi. Shugabar gidan ta lokacin ta ce suna da maigadi, amma ba su da wanda ya san katako.

Abin da ya fara gani ba baranda ba ce. Tsofaffin mata ne zaune a jere, hannu a cinya. Dukansu manoma ne tun ƙuruciya, amma ƙugu ya daina sunkuyo, filin bayan gidan kuma duk damina ruwa ke kwanciya a kansa. Sai ya nemo tsofaffin katakan layin dogo da aka cire aka yar. Kafin ya karɓi ko ɗaya sai ya kankare shi da wuƙa ya sansana. Wanda aka jiƙa da baƙin man nan mai warin kwalta, shinge ya yi da shi, don ya ce dafinsa na bin ƙasa ya shiga ganye. Katakon bongosi kawai ya yarda da shi, wanda gara ba ta ci ko ba a sa masa magani ba. Ya jera uku-uku a kan juna, ya soke su da rodi, ya zuba duwatsu a ƙasa don ruwa ya wuce, sannan ya cika da baƙar ƙasa da kashin kaji. Haka aka samu komayen lambu masu tudu, waɗanda mutum zai noma a tsaye.

Babu biyu da tsayinsu ya zo ɗaya, domin kowanne da ƙugun mai shi aka auna. Mama Ngo Makon, wadda ta haura tasa'in, ba ta manta ranar nata awon ba.

“Ya zo da igiya ya ce in miƙe tsaye,” in ji ta. “Na ce, Simon, akwatin gawa za ka auna mini tun ina numfashi? Ya ce, haba Mama, ke da mutuwa ma ke sauya hanya in ta hango ki. Ka ji marar kunya.”

Yau komaye goma sha takwas ne. Huɗu daga ciki an bar musu rami a ƙasa yadda keken guragu zai shige. Shuwakar da ake miyar ndole da ita a gidan, da kuɓewa da alayyafo da barkono, duk daga nan suke fitowa. Mahaifiyata ta yi shekarunta uku na ƙarshe a wannan gida. Komi na bakwai nata ne. Barkonon da ta shuka yana nan yana 'ya'ya, kuma ban taɓa tambayar wanda ke ba shi ruwa ba.

Papa Simon, kai ne ka gane cewa tsoho ba abinci da magani kaɗai yake bukata ba, yana bukatar abin da zai tashi dominsa da safe. Ba ka faɗa a taro ba. Igiya ka ɗauko.

Kulawar da yake yi wa baranda ba ta da ado. Ya goge gansakuka da buroshin waya kafin ta yi santsi. Ya bi tsakanin katako da katako da lanƙwasasshiyar ƙusa yana fitar da datti, don ruwan sama ya sami hanyar zuba. Sau ɗaya a shekara, idan rani ya tsaya, ya shafa mai. Shekara uku da suka wuce 'yan garin da ke zaune a Turai suka aiko da fenti kore, da niyyar alheri, suka ce a ƙawata wa iyaye wurin zama. Papa Bayiha ya ce a'a. Ya ce katako numfashi yake yi, mai ake shafa masa, ba riga ake sa masa ba. Kwamitin gidan ya saurare shi, ya gode masa, aka yi fentin. Ya yi kyau ƙwarai a hoto.

Abin da ya sa na rubuta wannan jinjina ya faru ne a watan Oktoban bara, kwana huɗu kafin bikin cikar gidan shekara talatin. Mama Terez Ngo Nlend, mai girkin gidan, tana bakin tagar kicin, ta ji komai.

Wajen ƙarshen barandar, kowace safiya, Tica Alfons Mbok ke zama da kofinsa. Tsohon malamin makaranta ne, shekara takwas ke nan da idonsa ya rufe. Shi da Papa Bayiha ba sa gaisawa sai da tsiya. Ran nan guduma ta wuce shi da taku kaɗan sai ya yi kira.

“Ɗan dogo, dawo baya.”

Papa Bayiha bai juyo ba. Sai da Tica ya buga sandarsa a katako sau uku, bugun ya iske shi ta tafin ƙafa.

“Farfesa, me kuma? Kofin ne ya huce?”

“Katako na tamanin da ɗaya. Sake dukansa.”

Ya koma ya doka, ya karkata kai. “Lafiyarsa ƙalau.”

“Ko dai ƙarya kake, ko kunnenka ya hau jirgi ya tafi Duwala. Kwana uku ke nan katakon nan yana tari kana wuce shi. Ni na zaci gwada ni kake yi.”

Da Tica ya sake magana, muryarsa ta sauka.

“Simon. Tun yaushe?”

“Tun Ista. Na hagu ya tafi. Na dama yana haɗa kaya.”

“Wata shida kana dukan katako don mu ji daɗi?”

“Ƙafata tana ji.”

“Ƙafarka ba ta ji wannan ba.” Tica ya laluba ya kamo hannunsa. “Saurara, in da sauran abin saurarar. Ba mai ji daga bakina. Ka canja wannan ɗin shiru. Daga yau in na ji wani sai in yi gyaran murya, kai kuma ka ce kai ka gano. Makaho da kurma, wa zai zarge mu?”

Tayin ba na wasa ba ne. Matar Papa Bayiha ta rasu da daɗewa, 'ya'yansa na Duwala, kuma ya san ranar da aka ji ya kurmance, ranar za a ce ya je ya huta. Amma ya san wani abu kuma. Katakon sama ba ya ruɓewa shi kaɗai. In ya fara tari, to gungumen da ke ɗauke da shi a ƙasa ya daɗe da ciwo. Ba za a duba gungume ba sai an rufe baranda, ba kuma za a rufe ta ana saura kwana huɗu biki ba sai ya faɗi dalilin da ya sa bai ji ba tuntuni.

Ya jingine gudumar ya nufi ofishin Sista Odil, shugabar gidan, ko takalmi bai sa ba.

“Papa, kwana huɗu ya rage,” in ji Sista. “Mawaƙa sittin za su zo daga Eseka, a nan za su tsaya, ga tsofaffinmu, ga baƙi. Jiya-jiya ka ce mini lafiya lau.”

“Jiya, da shekaranjiya, da wata shida baya, abin da na ce miki ban ji shi ba, 'yata. Kurma ne ke duba miki baranda. Ki sa a ɗaura igiya kada kowa ya hau. In an buɗe ba a ga komai ba, ki kore ni sau biyu.”

Aka ɗaura igiya. Da aka ɗaga katakan, gungumen ƙasa kore shar daga waje, amma da Sista ta danna shi da yatsa sai yatsan ya nutse. Cikinsa ya zama kamar garin rogo. Uku aka samu haka, duk a ɓangaren da ke kan gangare, inda tsakanin baranda da duwatsu ya kai tsayin mutum biyu. Fenti ya toshe hanyoyin ruwa, ruwa ya kwanta, ya yi aikinsa a ɓoye.

A lambu aka yi bikin. Mawaƙa suka tsaya a kan ƙasa, kowane tsoho ya zauna a gefen kominsa yana nuna wa baƙi ganyensa. Gyara ya ɗauki mako biyar. An kankare fentin tas, ragowar katakan bongosi suka zama sababbin gumagumai.

Kai ne ka zaɓi a san lalurarka a kan a taka ruɓaɓɓen katako. Ka yi wata shida kana ɓoyewa, wannan ma gaskiya ne, kuma kai ka fara faɗa. Mutane da yawa sun riƙe aiki har ƙarshe. Kaɗan ne suka je da ƙafarsu suka ce, ga inda na gaza, alhali an ba su hanyar rufewa. Kunnen layin dogo, ranar da ka daina ji ita ce ranar da ka fi yi mana aiki.

Papa Bayiha ya so ya ajiye aiki a makon. Sista Odil ta ce babu inda za shi sai ya bar magaji. Tun watan Janairu, Mama Terez ce ke riƙe guduma kafin ta ɗora tukunya, Tica Mbok na biye da ita dafe da kafaɗarta yana sauraro, Papa Bayiha na baya da ƙusarsa yana tsokanar duk inda aka nuna.

“Mutum uku muke yin aikin mutum ɗaya,” in ji Tica, “kuma har yanzu yana cewa ba mu iya ba.”

Makon jiya aka fara komi na goma sha tara, wanda zai zama na Papa Bayiha. Gidan ya ba Papa Bayiha ɗakin da ke kallon kogi. Mama Ngo Makon ce ta dage sai ita za ta riƙe igiyar awo.

“Miƙe tsaye, yaro,” ta ce da ƙarfi a kunnensa na dama. “Kada ka ji tsoro, ba akwati ba ne.”

Mun gode, Papa Simon. Mun gode a madadin iyayenmu da suka rasu da ƙasar lambu a farcensu, da mutum sittin na Eseka da suka koma gida ba su san abin da ya wuce su ba. Duk wanda aka damƙa wa abin da mutane ke takawa, gada ce ko mota ko amana, ya riƙa dubawa kullum kamar yadda ka yi. Ranar da kunnensa ya fara gazawa kuma, ya faɗa tun kafin a hau.

Daga Litinin, Papa Bayiha zai zauna a barandar a matsayin ɗan gida. Tica Mbok ya riga ya sa an ajiye masa kujera kusa da tasa. Ya ce a juya ta yadda kunnen dama zai fuskance shi, don akwai sauran tsiyar da bai gama yi masa ba.