Gwangwanayen Tsohon Kafinta

Kun taɓa ganin mutumin da yake tara shara a gwangwani har da danne murfi? To akwai wani tsohon kafinta, Mai Gwangwani ake ce masa, shekara arba'in yana aikin katako a wani ɗan shago mai ƙofa ɗaya, kuma duk abin da ya ƙera, tebur ne ko gado ko ƙofa, in ya gama gogewa da samfefa ba ya zubar da garin, sai ya tattara shi a takarda ya juye a gwangwanin madara, ya ɗaure ɗan guntun katakon a jiki da zare, ya yi masa ƙulli-ƙulli na shaida, don shi bai iya rubutu ba. Ba garin zarto ba fa mai tsaki-tsaki, na samfefa mai laushi kamar hoda. Dalilinsa shi ne katako in ya kwana biyu yana tsagewa, to in ka kwaɓa garinsa da gam ka cusa a tsagar ya bushe ka goge, ko mai kayan sai ya nemi wurin ya rasa. Amma fa sai garin katakon da kansa, in ka sa na wani sai ya fito kamar farin faci a baƙin wando.

Matarsa kuwa ta tsani gwangwanayen nan kamar me. In ta kai masa abinci shago ta gan su jere a kanta can sama inda danshi ba ya kaiwa, sai ta ce, "Mazan wasu na tara awaki, nawa ƙura yake kiwo." Shi kuma ya ce, "Ƙurata ba ta cin dusa, tsohuwa." Sau ɗaya ya taɓa ɗaukar rariyarta ya tankaɗe gari, kwana uku ba ta kula shi ba, daga nan ta kafa doka kada ya sake taɓa ta.

To tsufa ya zo, hannu ya fara rawa ido ya yi hazo, 'ya'ya suka ce Baba a huta haka, aka saki shagon. Ranar kwashe kaya yana kwance da zazzaɓi, ita ta je. Ta duba gwangwani ya fi ɗari biyu, ta tuna ɗakinsu da ko wurin juyawa babu, sai kawai ta zazzage garin duka a buhu ɗaya ta kai wa maƙwabciya mai kaji ta shimfiɗa musu, gwangwanayen kuma ta ajiye wa masu sayen ƙarafa. Tana shigowa gida, mutumin nan bai tambayi zarto ba bai tambayi guduma ba, ya ɗaga kai da ƙyar ya ce, "Gwangwanayena sun iso lafiya?"

Bakinta ne ya riga ta, ta ce lafiya lau. Ta fita da sauri ta karɓo buhun tun ba a buɗe ba, ta zauna a bayan ɗaki tana cika su da hannu, ja da fari da ruwan ƙasa duk sun haɗe, ta jera masa a bango. Shekara biyu yana shafa su yana girgizawa a kunne yana ba ta labarin wannan na ƙofar wane ne, ita kuma sai ta kau da kai ta ce tukunya na wuta.

Sai autarsu ta zo da ciki wata takwas, ita da mijinta, wai tana son gadon jaririn nan da su shida duk suka kwanta a ciki, wanda Baba ya yi da jan katakon maɗaci lokacin cikin fari. Aka jawo shi aka kaɗe, ashe hannun gadon ya tsage, tsawon ɗan yatsa. Surukin ya durƙusa ya ce, "Baba, a yi haƙuri, tsagar nan za ta iya kama yatsan yaro, da an bari na sayo na ƙarfe." Tsoho ya gyara zama, fuskarsa ta yi haske irin wanda ta daɗe ba ta gani ba, ya ce, "Ku ba ni kwana uku, garinsa na nan." Tsohuwa kuwa ta miƙe ta ce tukunya na wuta.

Da safe ya lalubo gwangwanin mai ƙulli uku, ya buɗe ya shinshina, ya dangwala ya sa a harshe.

"Tsohuwa."

"Na'am."

"Maɗaci ya daina ɗaci ne ban sani ba?"

Nan ta zauna a ƙasa ta faɗa masa komai, buhun da kajin da bayan ɗakin, ba ta rage ba. Ya ɗan yi dariya ya ce, "Ashe shekara biyu buhu ɗaya nake gadi." Ya mayar da murfin a hankali ya ce, "Ki aika wa Auta su sayi na ƙarfen." Da zaginta ya yi da ya fi mata sauƙi wallahi.

Ta tsaya tana kallon gadon, ga wurin da ɗansu na biyu ya gwaigwiye da haƙori, ga wurin da take ɗora ƙafa tana girgizawa har ya yi santsi. Shekara arba'in tana kai abinci shagon nan, ko ba ta riƙe zarto ba ai ta ga aiki. Sai ta kife gadon ta ƙwanƙwasa ƙasansa ta ce, "Nan da ba mai gani, ba katakon ba ne shi ma?"

Ya shafa wurin ya daɗe, ya ce, "Shi ne. Amma hannun nan ba zai iya ba."

"Wa ya tambayi hannunka? Ina samfefar?"

Ta shimfiɗa takarda ta hau gogewa, shi yana gefe yana sauraron ƙarar. "Ki bi jijiyar katakon mana, ba gindin tukunya kike kankarewa ba." Ta ce, "Ka yi mini shiru, mai gadin ƙura." Har rana ta take kafaɗarta ta riƙe, jan gari ya taru bai fi cokali uku ba. Ta shiga kicin ta fito ta ɗora masa wani abu a cinya, ya laluba ya ce, "Wannan ba rariyar da aka hana ni ba ce?" Ta ce, "Aro ne, kada ka saba."

Shi ya kwaɓa, don kaurin a yatsansa yake ji, gam ɗigo-ɗigo har ya yi kamar ƙullu. Da ya zo cusawa hannu ya hau rawa, sai ta kama wuyan hannun ta riƙe, ya danna ya cika har ya ɗan yi tudu, wai in ya bushe zai lotsa. Washegari ta goge ya shafa mai.

Kwana na uku surukin ya zo ya bi hannun gadon da yatsa sau biyu, ya zagaya ɗaya gefen ya sake bi, ya ce, "Baba, wai ta wane ɓangare ne ma?" Tsoho ya ce, "Tambayi kafintar, ga ta can tana hura wuta." Auta ta rungume gadon tana dariya tana share ido, suka ɗauka suka tafi.

Ɗan garin da ya rage a takardar kuwa, tsohuwa ce ta wanke gwangwani ta shanya ya bushe ƙayau ta juye a ciki, ta ɗaura zare ƙulli uku ta ajiye can sama. Ya ce me za ki yi da ƙura, ta ce jariran gidan nan cizo gare su.

Don Allah wanda ya karanta ya tura wa wani, musamman wanda yake da tsoho a gida mai ajiye abin da kowa ke cewa shara ne, a tambaye shi tukuna kafin a zubar.