Akushin Inna da Shuɗin Fenti

Ni ne mutumin da ya shafa wa akushin uwarsa shuɗin fenti. Ba wanda ya sa ni, kuma ranar lafiyata ƙalau. Na faɗa da bakina tun farko don kada wani ya riga ni, domin a Tsarnawa har yau akwai tsofaffi biyu ko uku da ba su da wata hira sai wagga.

Ilimina bai taka kara ya karya ba. Wata huɗu na yi a lakwal, wato makarantar boko, na gudo ranar da anka ce za a yi mana allura. Sana'ata facin taya ce a bakin kwalta. To amma Allah ya ba ni ido na son abu mai kyau, kuma bai tambayi kowa ba kafin ya ba ni.

Akushin nan baƙin kwanon itace ne, da shi Inna ta shigo gidan ubanmu. Ya taɓa tsagewa a baki, wani maƙerin Buzaye ya kama tsagar da facin tagulla uku. Duk Juma'a sai Inna ta shafe shi da man shanu har ya riƙa ƙyalli. A ciki take cin tuwo, kuma da yake ni ne auta, suɗinta nawa ne. Takan rage loma biyu a gefen facin nan, ta turo mini da ƙafa ba tare da ta dube ni ba. Har na yi gemu ban daina karɓa ba.

Da ta rasu, bayan sadakar arba'in, anka zauna rabon kaya. Yadda anka saba a gidanmu, gona da fartanya na maza ne, kayan ɗaki kuwa na ɗiya mata. Mace ɗaya gare mu, yayata da ke aure a Dogarawa. Kenan akushi nata ne, ba gardama. Ina kallo mata sunka fito da ƙorai da tasoshi suna jerawa a tsakar gida, sai na shiga ɗakin kamar mai neman buta, na cusa akushin cikin babbar riga. Na fito da tumbi irin na wanda ya shekara yana cin biki. Wata gwaggo ta ce, "Auta, makoki ya karɓe ka." Na ce mata kumburin baƙin ciki ne.

Lokacin naira ta faɗi, kowa na tsallaka iyaka zuwa Najeriya yana kwaso kaya. Ni ma na samo kabet mai ƙofar gilashi, anka ɗauko mini shi daga Konni a amalanken jaki, ina tafe a gefe ina riƙe da shi kamar mara lafiya. Mai ɗakina ta share wuri a ɗakinta tana murna. Na ce a wuce da shi nawa.

"Malam, mi za ka sa ciki? Tsohuwar taya?"

"Jere za ni yi."

"Jere? Namiji?"

"Ke da bangonki cike da kwanonin sha tun daga ƙasa har rufi, wa ya hana ki?"

Ta ce to ta ji, amma in na fara ɗaura zane in gaya mata ta ara mini.

Na yi jerena. A ƙasa na sa dutsen guga na gawayi da ubana ya bari, da wata rediyo da ta mutu tun ina saurayi amma katakonta na da kyau. A tsakiya fulas mai jan fure, da farantan tangaran huɗu da ban taɓa yarda an ci komai a ciki ba. Furen roba a cikin gwangwanin madara. Bisa kabet ɗin agogon bango mai kaɗawa duk awa, ko da yake yakan kaɗa bakwai da ƙarfe uku. Ka'idata ita ce tsohon abu ya zauna a tsakiya, sabo ya tsaya gefe ya gaishe shi. Sama duka, bayan gilashi, akushin Inna.

Labari ya kai bakin kwalta. In na iso da safe sai mai shayi ya ɗaga murya, "Amarya, an gama jere? Yaushe za mu zo ganin ɗaki?" Direbobi su yi ta dariya. Nakan ce masa ya zo, amma ya wanke ƙafa, don ɗakina ba irin nasa ba ne da buta da ƙusar rataye riga su ne duk adon. Kuma sun zo, ɗaya bayan ɗaya, kowa da hujjarsa ta aron famfon iska. Su tsaya gaban gilashi su yi ta kallo. Mai shayin ma daga baya na ga furen roba a teburinsa. Na tsaya na shinshina furen a gaban mutane.

Yaya kuwa ba ta manta ba. Sau biyu tana aiko direban Dogarawa da saƙo, wai a tambayi auta ko ya ga akushin Inna. Na ce ban gani ba. Karo na uku saƙon ya canza: in an gama yankan gero tana nan tahe.

Nan ne hankalina ya yi mini aikin da ya saba. Na ce ai baƙin akushi take nema, in ta tarar da shuɗi sai ta ɗauka kayan Najeriya ne. Kuma gaskiya, shuɗi zai fi shiga da farantan tangaran. Akwai ragowar fenti da wani mai amalanke ya bari a rumfata. Na shafa, ya ƙi kamawa. Man shanun shekara arba'in ya ce bai san zancen ba. Mai hankali da nan zai tsaya. Ni sai na goge shi da toka da yashi, na wanke da kananzir har sau uku, itacen ya yi fari fat. Sannan fenti ya zauna, har bisa facin tagullar. Mai ɗakina ta leƙo ta gani, ta kama baki ta koma.

Yana nan har gobe a saman kabet, shuɗi. An sha ce mini in kankare. Wani dillalin tsofaffin kaya da ke kai wa Turawa ya taɓa dubawa ya ce na kashe shi, da baƙi ne da ya ɗauka. Na ce alhamdu lillahi, dama ba shi na shafa wa ba. Ba zan kankare ba. Ni na sata, ni na shafa, ni ke share masa ƙura duk Juma'a, kuma duk wanda bai son shuɗi ƙofa a buɗe take.

Bayan yankan gero Yaya ta iso da hantsi, da ƙullin gari a ka. Munka gaisa, ta sha ruwa, ta ce a nuna mata ɗakin da ake labari har Dogarawa. Na shiga gaba ina bayani kamar mai tallan magani: ga rediyo, ga agogo, wannan kuma wani kwano ne na zamani da na samo ƙetare. Ta buɗe gilashin da kanta. Ta ɗauko shi, ta bi bakinsa da ɗan yatsa har ta tsaya kan tudu ukun nan da fenti ya rufe. Ta kai shi hanci.

Na shirya faɗa tun kwana uku. Na tanadi cewa ni na ci suɗi ba ita ba, ni na zauna da Inna sadda Yaya ta tafi aure, in ma alƙali ne a je. Sai ta mayar da shi wurinsa a hankali, ta gyara masa zama, ta rufe gilashin. Yanzu ta bar duniya, amma abin da ta faɗa ranar yana kunnena har yau.

"Auta, tun ranar rabo na ga cikinka, na ƙyale ka. Garin ga na irin geron Inna ne da na shuka, na kawo mu ci tuwo cikinai sau ɗaya ni da kai, in bar maka abinka. To yanzu wa za ya ci?"